Fadamar tace ruwan datti ba kududdufin sauro ba ce

Da an ce za a tace ruwan wanka da wanki da na bayan gida a fadamar da aka gina, sai mutane su ɗauka kududdufi ne mai wari da tara sauro. A irin wadda ta dace da unguwa, ruwan ko fili ba ya fitowa. Rami ake haƙawa, a shimfiɗa leda mai kauri ko yumɓu, a cika da tsakuwa, a dasa ciyayi irin su kachalla. Ruwan yakan fara kwanciya a tanki, laka ta zauna, sannan ya ratsa cikin tsakuwar a hankali. Sauro ba ya samun inda zai yi ƙwai.

Mafi yawan aikin ma na ƙananan halittu ne da ke manne a tsakuwa da saiwoyi, su ke cinye dattin. Wata masaniyar tsirrai, Käthe Seidel, ta fara gwajin tace ruwa da ciyayi a Jamus cikin shekarun 1950.

Kachallar da ta addabi manoman Haɗeja da Nguru, a nan amfani take yi. Sai dai ruwan da ya fito na ban-ruwan bishiyoyi ne da kora bahaya. Kada a sha, domin wasu ƙwayoyin cuta kan tsira.