Lambun da aka kulle da kwaɗo, na wa ne?

Jiya da azahar tayar babur ɗina ta yi faci a wata unguwa nan Birnin Kebbi, daidai gefen wani ɗan lambu da aka kewaye da ƙarfe, aka shafa masa fenti kore da fari. Kun dai san zafin Afrilu a garin nan, ya kan haura digiri 40. Na leƙa ciki. Kujerun siminti shida, duk a tsakar rana, ko ƙadangare ba zai hau ba. Ciyawar da aka dasa ta ƙone ƙurmus. Ƙofa kuma garƙame da kwaɗo.

Tsallaken titi kuwa, gindin dogon yaro guda ɗaya tal, ga mai faci, ga 'yan kabu-kabu uku suna gyangyaɗi kan baburansu, ga mai sayar da rake, ga wani dattijo a tabarma da rediyonsa. Har akuya ta samu wuri.

Na ce wa dattijon, "Baba, me ya sa ba a buɗe wancan?" Ya ce, "Ɗana, wai kada yara su ɓata ciyawa." Na ce wace ciyawa? Ya yi dariya har da tari.

Mu fa muna da wurin shan iska tun kaka da kakanni, sai dai ba lambu muke ce masa ba. Dandali ne, ƙofar fada ce, gindin ceɗiya ko durumi ne a bakin masallaci. Ba katanga, ba mai gadi. A nan ake sulhu, a nan wanzami ke aski, a nan ake jiran la'asar. Lambu mai shinge da furanni a layi ya zo ne tare da Turawa da unguwanninsu. Shi kansa dogon yaro baƙo ne, daga Indiya asalinsa, a zamanin mulkin mallaka aka kawo shi, amma da yake ya jure ƙishi ya ba da inuwa, yau wa ke tambayar asalinsa? Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 gari ya buɗe, aka yanka filaye, shaguna suka cinye dandali. Sai muka koma kwaikwayon lambun wasu ba tare da duba sararin samaniyarmu ba.

Ƙanƙantar fili ba hujja ba ce. A birnin New York na Amurka akwai wani ɗan lambu, Paley Park, da aka buɗe a 1967. Faɗinsa murabba'in mita 390 ne, bai ma kai fuloti ɗaya na ƙafa 50 da 100 ba. Damuwarsu can ƙarar motoci ce, sai suka gina bango mai zubo da ruwa, tsayin ƙafa 20, don sautinsa ya danne hayaniya, suka sa kujerun da mutum zai ja zuwa inda ya ga dama. Ba cewa nake mu kawo ruwa mai zuba ba, a garin da ake sayen jarka wurin 'yan garuwa. Su sun tambayi kansu abin da ke damun mai wucewa kafin su aza tubali. Mu abin da ke damunmu rana ce.

To a fara da itace. A sa tsamiya da maɗaci ta yamma, su tare ranar la'asar. Ceɗiya ko iri ba ta buƙata, reshe ake sara a kafa da damina ya kama. Waɗannan dogayen itatuwan ado masu kama da sanda, don Allah a bar su a ƙofar otal, inuwarsu ko kaza ba ta isa. Sai inda inuwa ta faɗi a gina dakali. Ƙasa a zuba yashi ko tsakuwa, a huta da ciyawar da ke shan ruwa kamar shinkafar fadama. A ajiye randa biyu da wurin alwala. A kuma ware kusurwa ta mata da yara, don gindin bishiyarmu na gado, gaskiya, maza ne suka mamaye shi.

Na san za a ce awaki. Gaskiya ne, akuya ba ta barin dashe. Amma dashen ake kewayewa da tubali ko ƙaya har ya fi ƙarfin bakinta, ba mutanen unguwa ake kullewa waje ba.

Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin kafa shingen itatuwa don tare hamada ya shafa. Madalla da dashen daji, sai dai a rage mana ko guda ashirin a cikin gari.

Da mai faci ya gama, Baba ya matsa mini gefen tabarma, na zauna na sha rake kafin rana ta ɗan yi sanyi.