Tiyar Alhaji ta fi saurin cika

Wani bidiyo na gani jiya, na rumfar wani Alhaji mai sayar da gero. Tiyar da aka bubbuga wa gindi ya shige ciki, ana auna wa wata tsohuwa gero da ita a kasuwa. Abin da ya ƙona mini rai kuwa allon da ke saman rumfar ne, an rubuta Dogaro ga Allah da manyan baƙaƙe. Madalla, Alhaji! Dogaron ya yi kyau, har gindin tiya ya shiga.

Tun dare masu kare shi ke cika mini waya: ai mutumin ba ya rasa sahun farko, ai ya je Makka sau biyu. To ni na ce bai je ba? Magana ta tiya ce. Mai cewa ya sa Allah gaba, a duba ma'auninsa. Sura guda aka saukar kan masu tauye awo, Mutaffifin, yaran makarantar allo na nan unguwar Bagalam a Maradi sun haddace ta tun ba su iya ɗaura wando ba. Ta faɗi hali ƙarara: in za su karɓa su cika, in za su bayar su rage. Alhaji na sayen gero daga manoman Madarunfa da tiya mai zurfi, ya sayar mana da mai tudu a gindi. Buhu tiya 40 ne, ku lissafa nawa yake zama a hannunsa.

Wani kuma ya ce tsadar rayuwa ce, tun da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya ta tsaya, 'yan kasuwar Maradi suka ji jiki. Kowa ya ji jiki, malam. Tsohuwar nan a wace ƙasa take? Ita ba a rufe mata iyaka ba?

Kakata, Allah ya jiƙan ta, fura take sayarwa. Ba ta da allo a ƙofar gida, carbinta ma a ƙullin zane yake. Amma in nono ya kwana sai ta ce wa mai saye, ɗana, na jiya ne, in ba ka so bari. Wata rana ta taka har Tibiri don mayar da dala goma da aka manta a ƙwaryarta. Muna yara muna dariya, wai kuɗin mota ya fi abin da za ta mayar. Ta ce shi ya sa ta tafi a ƙasa. Wallahi ban taɓa ganin ta kasa barci kan bashi ko tsoron wani ba. Tana idar da isha'i ta shimfiɗa tabarma, shi ke nan sai asuba. Yanzu da na girma nake ganin abin da tsoron Allah ya saya mata.

Masu cewa in rufa wa Musulmi asiri, ban kama sunan kowa ba. Ya canza tiya, magana ta ƙare.

Af, tun da muna kan amana: wanda ya ari kujerun robarmu ranar suna, guda goma sha biyu ka ɗauka, tara yaronka ya kawo a kabu-kabu. Na san kana karanta wannan, har alamar so kake danna mini.