Me Ke Tashinka da Asuba?

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi. Duk wanda yake garin nan a lokacin zai tuna yadda noma ya koma abin yayi. Ma'aikacin ofis, malamin makaranta, mai shagon sayar da waya, kowa ya bazama neman fili a fadama. Ni ma da ni aka yi. Na yi hayar gona, na sayi injin ban-ruwa, na ɗauki hoto a cikin taɓo na sa a Facebook, aka yi ta yi mini sambarka.

Rani biyu na yi na gudu.

Ba fari ne ya kore ni ba, ba kuma jan-baki ba. Tafin ne ya ƙare. Da aka daina tambayata "Ya gona?" sai na ga tashin asuba ya yi mini nauyi, sauron fadama ya ƙara cizo, hanya ta ƙara nisa. Ashe tun farko ba shinkafar nake so ba, sunan "babban manomi" nake so. An ce kayan aro ba ya rufe katara, ni kuwa har kuzarin nawa na aro ne.

Kawuna yana nan wajen Argungu, ya haura saba'in. Kafin a zo da bashi yana noma, bayan an watse yana noma. Ambaliyar 2020 ta shafe masa gona kakaf, kamar yadda ta yi wa dubban manoma a jihar nan. Ruwa na janyewa ya shiga neman iri. Da aka cire tallafin fetur a 2023, shayar da gona ya zama sai mai ƙarfin aljihu, sai ya rage faɗin gonar, amma bai bari ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, ka huta mana, 'ya'yanka sun isa su riƙe ka." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni in rana ta fito ban ga gona ba, jikina ciwo yake yi."

Wannan ciwon jikin nasa shi ne ba ni da shi, kuma ba a rabawa a banki.

Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma tun 1934. Ranar gasa, dubban mutane ke rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa, kowa na hangen kyautar wanda ya kamo babban kifi. Abin sha'awa ne, ba na raina shi. Amma bayan na 2009 an yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba, sai a 2020 ya dawo. Cikin waɗannan shekaru masunta sun daina su ne? Kullum suna ruwa, babu kalangu, babu gwamna, babu mai ɗaukar hoto.

Turawa ma sun gwada abin. A 1973 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. An samo yara masu son zane, aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu kuwa ba a yi musu alkawarin komai ba. Bayan kwanaki, da aka bar su su yi abin da suka ga dama, waɗanda aka yi wa alkawarin nan su suka rage zanen. Wasa ya koma musu aikin lada. Iyaye masu cewa "in ka haddace izu ɗaya zan saya maka keke" su yi tunani a nan. Ranar da babu keke fa? Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan riya, mu ne muka ɗauka maganar salla da sadaka ce kaɗai.

Kada wani ya ce na ce kuɗi banza ne. Mai iyali goma da ke dashe a gonar wani, kuɗin yini ne ya fito da shi, kuma babu abin kunya a ciki. Yunwa ma tana tashin mutum da asuba. Haka kuma na san waɗanda bashin nan ne ya kai su fadama, suka ɗanɗana, abin ya shiga ransu, yau sun fi kowa. Turi yana tayar da mota. Abin da nake musu a kai shi ne a ce da turi za a kai Jega.

Ni dai daga baya na gane inda nawa ciwon jikin yake: koyarwa. Ko ranar da aljihu ya bushe, in na tsaya gaban allo mantawa nake yi. Injin ban-ruwan kuwa na kai wa Kawu. Makon jiya na je gaishe shi, ban same shi gida ba, Inna ta ce tun sallar asuba ya ɗaura shi a bayan babur ya yi fadama.