Agogon da ke jikin malam-buɗe-littafi ya cancanci a bincike shi

Duk shekara idan kaka ta kama, malam-buɗe-littafin da ake kira monak yana tasowa daga Kanada da Amurka, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000 zuwa duwatsun Michoacán a Meziko. Da rana yake gane hanya. To amma rana ba ta tsayuwa wuri ɗaya, don haka sai da agogo a jiki zai san ina ne kudu da hantsi, ina ne kudu da la'asar.

A 2009 Christine Merlin da Steven Reppert na Jami'ar Massachusetts suka gano cewa agogon da ke saita wannan tafiya yana cikin siraran ƙahonnin nan biyu na kansa. Aka kammala karanta ƙwayoyin halittarsa a 2011. Daga nan aka shiga gyaran su: ana ɗora ƙwai, wanda bai fi kan allura ba, ƙarƙashin madubin ƙara girma, a tsira masa siririyar allurar gilashi don a kashe ƙwayar gado guda. An yi wa cry2, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da agogon jiki, haka a 2013, sannan wata mai suna Clock a 2016, har da CRISPR, dabarar yanke ƙwayar gado a daidai inda ake so. Waɗanda aka taɓa sai suka daina fitowa daga ƙwanson da tsutsa ke rikiɗa a ciki da sassafe kamar 'yan uwansu, suna fita a kowane lokaci.

Na san akwai masu ganin wannan ɓarnar kuɗi ce. Ban yarda ba. cry2 na monak yana aiki irin na jikin ɗan Adam, fiye da na ƙudan 'ya'yan itace wanda binciken agogon jikinsa ya kai masana Hall da Rosbash da Young ga kyautar Nobel a 2017. Wanda ke son fahimtar ciwon mai aikin dare yana da abin koyo a nan.

Inda nake ja shi ne a kan fitar da su. Ƙwaron da aka gyara ya tsaya a ɗakin gwaji, kada ya haɗu da na daji. Kuma kada daɗin binciken ya sa a manta cewa abin da ke rage yawan monak shi ne maganin kashe ciyawa da ke hallaka tsiron da tsutsarsa ke ci, dangin tumfafiyarmu, da kuma sare dajin Meziko. Wannan aikin gwamnatoci ne da manoma, kuma su ya kamata a matsa wa.