Tambaya ta fara fitowa daga bakin gadon majinyaci

Ana yawan cewa jami'a ta yi bincike, kamfani ya ƙera, asibiti ya karɓa ya yi amfani. Wannan jerin ne ban yarda da shi ba. Muddin asibiti ne na ƙarshe a layi, sai an gama komai a kawo masa, to ko an kira abin haɗin gwiwa, ciniki ne kawai. Likita da nas da ma'aikacin rigakafi su ne ke ganin abin da ke damun majinyaci dare da rana, don haka da su ya kamata a zauna tun ranar da za a yanke shawarar abin da za a bincika.

Cewa jami'a da kamfani da asibiti na buƙatar juna, wannan babu gardama. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fara gwajin insulin, maganin ciwon suga, a Jami'ar Toronto ta Kanada. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai ciwon suga, Leonard Thompson, allurar farko a babban asibitin birnin. Ba ta yi wani tasiri ba, wurin allurar ma ƙurji ya yi, domin ruwan maganin bai tacu ba. Sai da abokin aikinsu James Collip ya tace shi aka sake yi masa bayan kwana 12, sukarin jininsa ya sauka. Ba a jima ba kuma jami'ar ta kasa samar da abin da zai ishi marasa lafiyar da ke hannu, har sai da kamfanin Eli Lilly na Amurka ya shigo, zuwa 1923 maganin ya fara wadatuwa.

Amma labarin da na fi so jama'a su tsaya a kansa shi ne na rigakafin sanƙarau. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, ta kashe kimanin 25,000. Akwai rigakafi a lokacin, sai dai kariyarsa ba ta daɗewa, ba ya yi wa ƙananan yara aiki sosai, kuma galibi sai cuta ta ɓarke ake rugawa da shi. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, mai aikin lafiya ba don riba ba, suka kafa shirin samar da sabo, da kuɗin gidauniyar Gates. Abin da suka fara yi shi ne tambayar jami'an lafiyar ƙasashen da abin ya shafa: nawa za ku iya saya? Amsar da aka samu ita ce kada allura ɗaya ta wuce rabin dala. A kan wannan iyaka aka gina komai. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su ga riba a wannan farashi ba, sai kamfanin Serum Institute of India ya amince. Fasahar haɗa rigakafin ta fito daga ɗakin gwaji na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, aka yi gwaji a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Ghana, sannan a Disambar 2010 aka fara yi wa jama'a sabon rigakafin, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso. Cikin 'yan shekaru sanƙarau nau'in A, wanda aka yi rigakafin dominsa, ya kusa ɓacewa a duk inda aka yi gangamin.

Akwai wani ƙaramin abu a labarin da ya fi taɓa ni. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikacin rigakafi ya ɗaure kula a bayan babur, yana sauri kada ƙanƙarar ciki ta narke kafin ya isa ƙauye, ya san cewa sanyi shi ne babbar wahalar wannan aiki. A 2012 aka tabbatar MenAfriVac na iya yin kwana 4 ba firji, a zafin da bai wuce digiri 40 ba, aka fara aiki da hakan a Benin. Wanda ke zaune a ofis mai sanyi da wuya wannan tambaya ta zo masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan kuma ba a tambayi masu jinya ba, majinyaci ne ke biyan kuɗin. Ku dubi 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin a jini. Na'ura ce mai albarka, ta ceci rayuka ba adadi, musamman a ɗakin tiyata. Haske take haskawa ta cikin fata, launin fata kuwa na shafar yadda hasken ke wucewa. A Disambar 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka buga binciken da ya nuna cewa na'urar kan nuna komai lafiya alhali iskar ta yi ƙasa, kuma hakan na faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku na farar fata. Nas ta duba, ta ga lamba mai kyau, ta wuce gado na gaba, mutum kuwa yana buƙatar oksijin. Shekaru da dama ana sayar da ita kafin a ɗauki wannan magana da muhimmanci, kuma likitocin da suka kwatanta lambar na'urar da gwajin jinin marasa lafiyarsu ne suka tayar da ita.

Ba na ƙin kuɗin kamfani, domin ba tare da shi ba yawancin binciken jami'a a takarda zai ƙare. Abin da nake tsoro shi ne yarjejeniyar da za ta ba mai kuɗi ikon ɓoye sakamakon da bai yi masa daɗi ba. Tun 2008 ƙa'idar Helsinki, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta tsara kan gwaji a jikin mutane, ta wajabta a yi rajistar kowane gwaji a bainar jama'a kafin a ɗauki mutum na farko. Jami'ar da ta sa hannu a takardar da ta hana malamanta buga abin da suka gano ta ci amanar mutanen da suka ba da jikinsu aka yi gwajin.

Sannan akwai tambayoyin da babu kamfanin da zai kashe kuɗi a kansu. A Maris 2020 masana a Jami'ar Oxford suka fara gwajin magungunan korona mai suna RECOVERY tare da asibitocin gwamnatin Birtaniya fiye da 170. Sun taƙaita takardar shigar da majinyaci yadda ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa zai cike ta cikin 'yan mintuna. Zuwa watan Yuni suka gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, na rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku.

Shugabannin asibitoci ma da nasu nauyin. Nas ɗin da ke riƙe da ɗaki cike ita kaɗai ba ta da lokacin zama da injiniya ta nuna masa inda na'urarsa ke ba ta wahala. A ware mata sa'o'in wannan aiki cikin jadawalinta, a biya ta, kuma idan an buga sakamakon a sa sunanta.