Kowa Jariri Yake Kallo, Wa Ke Duba Mai Jego?

Yau kwana 33 da Allah Ya sauki maiɗakina lafiya, haihuwar fari, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina so angwayen ƙarni irina su ji.

Da farko na ɗauka aikina ya ƙare tunda na sayi ragon suna, na aika itacen wanka da kayan kunu gidansu a Ƙofar Doka, inda ta tafi wankan gida. Kullum bayan magariba in taso daga Samaru, in gaida Hajiya a tsakar gida, in leƙa yaro daga bakin ƙofa, don kunyar ɗan fari ba ta barin mutum ya ɗauke shi gaban surukai. Duk wanda ya shigo, yaron yake tambaya: ya kama nono? Cibiya ta faɗi? Uwar kuwa sai barka da arziki, a wuce.

Kwana 12 bayan suna na lura silifas ya daina shiga ƙafarta. Na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Sai da na matsa sannan ta faɗa mini ba ta iya barci sai ta jingina da filo uku, in ta miƙe numfashi ya tokare. Gwaggonta, wadda wallahi ko runtsawa ba ta yi saboda hidimarta, ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa a kunu.

A nan Zariya, tun shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawaitarsa da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa cike take da gishiri, shi kuwa gishiri riƙe ruwa yake yi a jiki, sai zuciyar da ta sha ɗawainiyar wata tara ta kasa ɗaukar lodin.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ku yi mini izini in kai ta a duba ta." Ba ta hana ba, har mayafi ta ɗauka ta bi mu. Aka auna, jininta ya hau sosai. Aka ba ta magani, aka ce a dakatar da kanwa.

Ban raina wankan jego ba. Kwana arba'in na hutu da abinci mai kyau a hannun iyaye gata ne babba, ina roƙon kada ya ɓace. Amma kumburin ƙafa da haki da tarin dare ba na jira a gama wanka ba ne, kuma mace mai haihuwar fari ba za ta buɗe baki gaban manya ta yi ƙorafi ba. Mijin ne zai zauna kusa da ita ya tambaya.

Jiya da filo ɗaya ta kwana, alhamdulillahi. Ranar da za mu kai yaro rigakafin mako shida, ita ma za a sake auna ta.