Koyar da ƙididdiga ba sai da kwamfuta ba

Malaman sakandare da dama na ganin darasin ƙididdiga ba zai yi armashi ba sai an kawo kwamfuta. Sam, kayan aikin na cikin ajin. A ce ka tambayi ɗalibai biyar kuɗin tararsu: huɗu naira 100 kowanne, ɗaya naira 1,100. Jimla 1,500, a raba biyar, matsakaici 300 ke nan, alhali babu mai 300 a aljihu. Jera kuɗin daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya 100 ne. Nan take yara za su gane yadda adadi ɗaya mai tsoka ke jan matsakaici sama. Tef ɗin tela kuma ya isa a auna tsayinsu, a zana jadawali a allo irin wanda WAEC da NECO ke tambaya.